Damtsen Majemi a Ƙashin Niyandatal

A watan Agustan 1856 wasu leburori masu fasa dutse a kwarin Neander, kusa da birnin Düsseldorf na Jamus, suka tono ƙasusuwa a wani kogo. Kaurinsu ya sa suka ɗauka na dabbar daji ne. Sai da aka kai wa wani malamin makaranta, Johann Fuhlrott, ya ce ai na mutum ne, amma ba irin mutanen da ya saba gani ba. Daga sunan kwarin aka raɗa musu Niyandatal. Sun zauna a Turai da yammacin Asiya tun wajen shekara dubu 400 da suka wuce, har suka ɓace kimanin shekara dubu 40 baya.

Gajeru ne, namijinsu bai cika wuce santimita 165 ba, amma nauyinsa kan doshi kilo 78, kuma tsoka ce. Ƙirji faffaɗa, ƙwauri da sangalin hannu gajeru, hanci babba, ƙwaƙwalwa ta kai tamu girma ko ta ɗara. Irin wannan dunƙulallen jiki ba ya saurin zubar da ɗumi, ya dace da ƙasar sanyi. Kada mai karatu ya ce ruwanmu da su: binciken jami'ar Princeton na 2020 ya nuna har 'yan Afirka na ɗauke da ɗan ɓurɓushin gadonsu, wajen kashi 0.3 cikin ɗari, ta hanyar mutanen da suka dawo nahiyar daga waje.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne hannunsu na dama. Ƙashi ba ya mantuwa. Duk inda aka fi ɗora masa nauyi, can yake ƙara kauri, kamar yadda kwamfuta ke ajiye tarihin duk abin da aka yi da ita ko mai ita bai so ba. Wanda ya shekara talatin yana huɗa da garma a gonakin Ungogo, da za a duba ƙashinsa, da an ga garmar a ciki. To a ƙwarangwal ɗin mazan Niyandatal, ƙashin damtsen dama ya fi na hagu kauri sosai, bambancin da a yau sai a jikin irin 'yan wasan tanis ake samunsa.

Masana sun daɗe suna cewa mashi ne. Bayanin yana da daɗin ji: jarumi ya tunkari ɓauna gaba da gaba, ya soke ta. Kuma lallai mafarauta ne, sun ci doki da barewa da manyan namun daji. Amma a 2012 Colin Shaw na jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka gwada. Suka samo maza 13 masu amfani da dama, suka maƙala musu na'urar auna aikin tsoka, suka sa su suka da mashi da hannu biyu. Sai ga shi ɓangaren hagu na ƙirji da kafaɗa ne ya fi shan wahala. Da aka sa su kankara irin ta mai gyaran fata, nan dama ta ɗauki aikin.

Duk wanda ya taɓa leƙa majema a Kano ba zai yi mamaki ba. Kafin fata ta shiga ruwan bagaruwa, sai majemi ya duƙa a kanta yana karce gashi da sauran nama, hannu ɗaya, hanya ɗaya, tun safe. Farauta ta yini guda ce, wani lokacin ma a dawo hannu rabbana, fata kuwa kullum tana jira. Mutumin da ba shi da auduga ko ulu, ga ƙanƙara, rayuwar iyalinsa na rataye a kan fata. Cikin kayan dutsen da suka bari, makankara na daga mafiya yawa. A 2013 aka ba da rahoton wasu kayan aiki na ƙashin haƙarƙari daga Pech-de-l'Azé da Abri Peyrony a Faransa, masu santsin baki, irin waɗanda dukawan Turai ke goge fata da su har yau. Haƙoransu na gaba ma sun cinye, alamar suna cije abu da baki su ja da hannu.

Gwajin mutum 13 ba ya rufe muhawara, kuma akwai masu riƙe da batun mashi. Ni dai na fi karkata ga fatar, don maimaici ke gina ƙashi, ba bajintar rana ɗaya ba.

A 1957 Ralph Solecki ya tono wani namiji a kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi. Shi hannunsa na dama ya shanye, kuma ya guntule daga wajen gwiwar hannu. An taɓa fasa masa gefen fuska ta hagu, mai yiwuwa idon ya mutu, ga ɗingishi, ga alamun kurumta. Raunukan duk sun warke tun yana raye, ya kuma kai wajen shekara 40, wanda tsufa ne a wurinsu. Ba zai iya bin ɓauna ba, ke nan akwai masu kawo masa nama. Haƙoransa na gaba sun cinye ƙwarai, kuma masana na ganin da su ya maye gurbin hannun da ya rasa.