Fada Andreo Cseh da Hanyarsa ta Koyar da Esperanto

Esperanto harshe ne ƙagagge. Wani Bayahude likitan ido, Zamenhof, shi ya tsara shi, ya buga littafinsa na fari a Warsaw cikin 1887, domin al'ummomin da ba su jin maganar juna su sami harshe guda wanda ba na kowa ba ne. Ƙa'idodin nahawunsa 16 ne, ba togiya: suna ya ƙare da -o, sifa da -a. Amma tsara harshe daban, sa shi a bakin mutane daban. A wannan aiki na biyu kuwa kaɗan ne suka kai wani limamin Katolika, Andreo Cseh, wanda a ke faɗin sunansa kamar kalmar Hausa "ce".

An haife shi cikin 1895 a Transilbaniya, lokacin tana ƙarƙashin Hangare. Ya koyi Esperanto cikin 1910, aka naɗa shi Fada cikin 1919. Yaƙin Duniya na Farko ya riga ya mai da lardin nan hannun Romaniya, aka wayi gari Romaniyawa da Hangarawa da Jamusawa suna zaune gari ɗaya, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Cikin 1920, a garin Sibiu, aka ba shi ajin ma'aikata ya koya musu Esperanto. Littafi babu, kuma ba harshen da dukansu ke ji. To, da wane baki zai yi bayani?

Tilas ce ta haifi dabarar. Ya tsaya da alli a hannu, ya nuna abu, ya ambaci sunansa, ya yi tambaya da Esperanto, aji duka suka amsa baki ɗaya. Ba ya fassara, ba ya karanto ƙa'ida. Sai ya jera misalai har masu koyo su tsinci ƙa'idar da kansu. Yana kuma lulluɓe darasi da barkwanci, don ya lura babban mutum kunya ke hana shi buɗe baki, wanda ya yi dariya kuwa ya manta da kunya. Mai karatun da ya yi makarantar allo zai gane amshin nan na taro, sai dai akwai bambanci: almajiri yana maimaita abin da malam ya biya, ɗalibin Cseh kuwa amsa ya ke ƙerawa ga tambayar da ta sāke kama.

Cikin 1924 bishop ɗinsa ya yarje masa ya ba da ƙarfinsa duka ga wannan aiki. Cikin 1927 aka gayyace shi Suwidin, har 'yan majalisar ƙasar suka zauna gabansa suna amshi. Cikin 1930 shi da Julia Isbrücker suka kafa makarantar horon malamai a birnin Hague na Holan, sa'an nan cikin 1932 ya fara mujallar La Praktiko mai sauƙin karatu.

A nan ya kamata malaman horo su yi hattara. Nasarar Sibiu ba ta dabara ce kaɗai ba. Yawancin kalmomin Esperanto daga Latin da 'ya'yanta da Jamusanci aka ɗebo su, saboda haka Baromaniye da ya ji lampo ya riga ya san fitila a ke nufi. Yaro a Bakura ko Maradun ba shi da wannan gado, ko a Esperanto ko a Turanci, don haka malamin da ya hana Hausa shiga aji sam ya ɗora masa kaya biyu. Ga kuma wani abu: buƙatar da ta sa Zamenhof ƙago harshe, Hausa ta daɗe da biyanta a kasuwar Talata Mafara, inda Bafillace da Buzu da Bayarabe ke ƙulla ciniki ba tafinta. Inda hanyar Cseh ta fi dacewa shi ne koya wa baƙi Hausar kanta, gama karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko ba ya nunawa, kunne da amshi ne ke kama su.

Zamani bai bar aikin ya tafi lami lafiya ba. Gwamnatin Hitila ta rushe ƙungiyoyin Esperanto a Jamus cikin 1936, sojojinta suka mamaye Holan cikin 1940. Cseh bai bar Hague ba. Cikin 1942 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Universala Ligo a ɓoye, mai neman tarayyar ƙasashen duniya. A wannan shekara ce aka kashe Lidia, 'yar Zamenhof, a sansanin Treblinka, ita da ta zaga Faransa da Amurka tana koyarwa bisa hanyar Cseh. Shi kuwa ya tsira, ya ci gaba da zama a Holan har ya rasu ran 9 ga Maris, 1979.