Sabon Kati a Tsohuwar Kwamfuta: Tarihin Wata Sana'a a Tarauni

Duk wanda ya baro Ƙofar Nassarawa ya miƙi hanyar Zariya, ya wuce gadar Dangi inda titin Gidan Zu ya zo ya tarar da ita, ya ratsa Gyadi-Gyadi har ya hango katangar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in dai matashi ne, da wuya ya yarda cewa wannan ƙasa da yake takawa, wadda yau ba a jin kome a cikinta sai ƙugin Adaidaita-Sahu da na janareto, a zamanin kakanninsa gonaki ce da ƙauyukan bayan ganuwa. Amma sunayen wuraren sun isa shaida, domin ga Gandun Albasa nan kusa, ga kuma wurin da har gobe ake kira Farm Centre, watau cibiyar aikin gona, alhali kuwa abin da ake girbewa a can yanzu wayoyin salula ne da sassansu. Tun da aka kafa Jihar Kano a 1967, birni ya yi ta tumbatsa ta wannan fuska, aka yanka filaye, aka gina asibitin nan, har gini ya cinye shuka. A cikin shagunan da suka tsiro a wannan yanki akwai wata ƙaramar sana'a da ta cancanci a rubuta labarinta, ita ce raya tsohuwar kwamfuta da sabon katin hoto, wanda masu abin suke kira girafik.

Asalin wannan sana'a ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, Bakano bai saba jefar da abin da zai gyaru ba. In ƙwarya ta tsage akwai gyartai mai ɗinke ta, in fartanya ta cinye akwai maƙeri mai yi mata ƙari, in takalmi ya tsinke akwai baduku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa suka fara kwararowa, sai kowace sabuwar na'ura ta haifi gyartanta: keke ya zo da mai faci, agogo da mai gilashi a ido, rediyo da mai dalma, haka aka bi har zuwa talabijin da bidiyo. Galibinsu ba su zauna a aji domin wannan ilmi ba, a gaban maigida suka koya, suna miƙa sukudireba suna kallo, kamar yadda almajiri yake zama gaban malami har ranar da za a ba shi izini.

Kwamfuta ta fara shigowa ne ta bankuna da Jami'ar Bayero da manyan ofisoshin gwamnati, talaka sai dai ya ji labarinta. A cikin shekarun 1990 aka fara buɗe shagunan buga takardu, waɗanda sannu a hankali suka karɓe cinikin masu tafireta na bakin kotu da gidan waya, daga baya kuma shagunan intanet suka biyo. Da wayar salula ta zo a 2001, dubban samari suka sami abin yi a sayarwa da gyara, titin Beirut ya cika ya batse, kasuwar Farm Centre ta Tarauni ta bunƙasa har ta zama wurin da ake zuwa sari daga jihohin maƙwabta da Jamhuriyar Nijar. Ko da yake waya ce uwar ciniki a wurin, hannun da ya iya buɗe waya ba ya tsoron buɗe kwamfuta, saboda haka sana'o'in biyu suka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya.

To, daga ina injinan suke zuwa? Kaɗan ne sababbi. Al'adar manyan ofisoshin Turai da Amurka ce su sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, sai dillalai su kwashe tsofaffin, a cika kwantena, a sauke a Apapa, a baje su a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba, daga nan 'yan kasuwarmu su ɗoro su a mota zuwa Kano. A 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na irin wannan kaya ke shiga Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa a ciki shara ce da ba ta gyaruwa. Wannan na cikin abubuwan da hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta sa wa ido. Amma a cikin abin da ya tsira akwai injina masu ƙarko, musamman samfurin Dell OptiPlex da takwarorinsa na HP, waɗanda aka ƙera domin akawu ya yi lissafi ya buga wasiƙa. Aibinsu guda ne: ɗan abin da ke zana hoto a cikinsu rarrauna ne, yana rabon ƙwaƙwalwar ajiya da sauran jikin injin, da an ɗora masa aiki mai nauyi sai ya durƙusa.

Shi katin hoto wani faranti ne mai ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa, wanda ake sokawa a cikin kwamfutar tebur domin ya ɗauke mata wahalar zana abin da ido ke gani. Tun kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 da irin wannan tsari ta zo, a 1987 kuma ya kawo ma'aunin VGA, mai shuɗiyar kafar nan da har yanzu ake gani a bayan tsofaffin allunan kallo. Kamfanin 3dfx ya girgiza kasuwa da katin Voodoo a 1996, Nvidia ya fito da GeForce 256 a 1999, AMD kuwa ya saye ATI a 2006, aka bar manyan giwaye biyu, Nvidia da AMD, a fage. Sai dai abin da ya fi shafar mutanen Tarauni shi ne ramin da ake soka katin. Daga 1997 ramin AGP ake yayi, har wajen 2004 da PCI Express ya gaje shi, kuma hikimar da aka yi a wannan sabon rami ita ce kowane zubi da ya biyo baya yana karɓar na gabansa, ta yadda katin bana zai iya zama a injin da ya shekara goma. Ba domin wannan rangwame ba, da sana'ar da muke zance ba ta samu ba.

Masu buƙatar katin kuwa ba a nesa suke ba. Titin Gidan Zu, wanda ke maƙwabtaka da Gyadi-Gyadi, shi ne matattarar masu shirya finafinan Hausa, sana'ar da ake ƙirga mafarinta daga Turmin Danya na 1990, wadda kuma ta sami laƙabin Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Da fari da bidiyo biyu ake tace fim, ana kwafa daga wannan kaset zuwa wancan, kowane kwafi yana rage hasken hoto, har kwamfuta ta zo ta karɓi aikin. Da aka koma hoto mai tsananin kyau, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da yawaitar masu ɗora shiri a YouTube, sai injin akawu ya kasa. Ga masu ɗaukar bikin aure, ga masu zana fastocin 'yan siyasa da CorelDraw da Photoshop, ga ɗaliban zanen gine-gine da AutoCAD, ga kuma samari masu wasan ƙwallo a allo, dukkansu aljihunsu bai kai sabon inji ba, dukkansu kuma sai su rungumo tsohon su nufi wajen injiniya.

A nan ne ilmin sana'ar yake, kuma yana da sharuɗɗa kamar kowane babi na fiƙihu. Mai kaya zai ce, "Injiniya, wanda ya fi kowane ƙarfi nake so." Gwanin kuwa ba zai amsa ba sai ya kwance murfi ya leƙa, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ai sai mun ga abin da jakin zai iya ɗauka." Abu na farko da yake dubawa shi ne akwatin wuta, domin ramin PCI Express wat 75 kawai yake bayarwa, duk katin da ya fi haka ci sai an jawo masa wata waya ta dabam, alhali ƙananan injinan ofis akwatinsu bai wuce wat 240 ko abin da ya yi kusa da haka ba, kuma ba su da wannan waya. Shi ya sa katunan da suka yi farin jini a irin wannan aiki su ne masu ƙana'a: GTX 750 Ti na 2014 mai cin wat 60, da GTX 1050 Ti na 2016 mai cin 75, da GT 1030 na 2017 wanda 30 ta ishe shi. Na biyu, sai ya auna wuri, domin siririn akwati ba ya karɓar sai gajeren kati mai gajeren ƙarfe. Na uku, sai ya dubi ƙwaƙwalwar injin da yawan ram ɗinsa, saboda in aka haɗa kati mai gudu da tsohuwar ƙwaƙwalwa, katin zai yi ta zaman jira ne, kuɗin da aka ƙara kuwa ya zama israfi, tamkar a ɗaura wa jaki sirdin ingarma. Sau da yawa ma mai gaskiya yakan ce wa mai kaya ya bar zancen kati tukuna, ya ƙara ram, ya sauya tsohon faifan ajiya da na zamani marar juyawa, ya ga ko ciwon bai warke ba.

Sharaɗi na huɗu shi ne mafi wuya, domin ya shafi amana. Algus ya shiga wannan kaya kamar yadda yake shiga manja da zuma. An sha kama tsohon katin GTS 450 na 2010 an sauya masa bayanin cikinsa yana kiran kansa GTX 1050 Ti, kuma ɗaya daga alamominsa ita ce shuɗiyar kafar VGA, wadda na ainihi daga manyan kamfanoni ba ya zuwa da ita. Shi kansa GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, domin a 2018 an fito da mai ma'ajiyar DDR4, wadda saurinta kusan sulusin na ainihin mai GDDR5 ne, wanda bai karanta kwali da kyau ba sai ya biya kuɗin doki ya tafi da alfadari. Haka kuma masu haƙar kuɗin intanet sun tsauwala farashin katuna a 2017 da 2021, da kuɗin intanet na Ethereum ya daina tsarin haƙa a Satumban 2022 sai suka juye wa duniya katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Malamanmu na Malikiyya, daga Risala har Muhtasar, sun daɗe da bayyana cewa wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayarwa, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani. Al'adar kasuwa ta zo daidai da wannan: ba a biya sai an soka kati an kunna a gaban mai saye, an ɗora masa aiki har ya yi zafi, sa'an nan a yi alkawarin 'yan kwanaki na gwaji.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin a kan na'ura. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara yana busar da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, wuta kuwa, daga zamanin NEPA zuwa PHCN a 2005 zuwa KEDCO a 2013, ba ta daina zuwa da ɗaukewa ba zato ba tsammani. Saboda haka kati mai ƙarancin ci ya fi dacewa da wanda ke aiki da ƙaramin janareto ko batirin sola, kuma rabin gyaran da ake kawowa bai wuce a busa ƙura a shafa sabon mai ba.

Yau sana'ar tana tsakanin samu da rashi. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa sabon inji ya ƙara nisa da talaka, wannan kuwa ciniki ne ga masu gyara. A ɗaya ɓangaren, matasa sun koma laftof, wadda galibi ba a sauya mata kati, wasu ma a waya suke tace bidiyonsu, sa'an nan kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali da yawa daga tsofaffin injinan ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga kuma jarrabawar gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025, ta laƙume shaguna masu yawa, Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri.

Ƙwaryar roba ta kashe kasuwar gyartai, amma jikokinsa ne suka iya ɗinke bokitin roba da zafaffen ƙarfe. In wata rana kwamfutar tebur ta bi sawun tafireta, yaron da ke miƙa wa maigidansa sukudireba a Tarauni yau ba zai rasa abin buɗewa ba, muddin ya riƙe abin da ya ga ana yi kafin a taɓa aljihun mai kaya: a kwance murfi, a duba wuta, a auna wuri, a faɗi aibi.