Daga Rumbu Zuwa Leda: Tsohuwar Gabar Manomi da Ƙwaron Wake

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a ƙarshen kaka, ya ratsa Rimin Gado da Kabo, zai ga buhunan wake jibge a bakin titi, ana loda su zuwa kasuwar Getso ko Dawanau. Yawancin masu waken nan sun san da sun riƙe shi har bazara da ya fi daraja nesa ba kusa ba. Bukatar kuɗi na cikin abin da ke sa su sayar da wuri. Ɗaya dalilin kuwa wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba.

Tun daga gona ƙwaron wake yake biyo amfanin zuwa gida. Macen takan saka ƙwai a jikin kwanso ko a kan ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci har ta girma, sannan ta fito ta bar rami. A yanayin zafi irin na Kano, wata guda ma ya ishe ta kammala wannan zagaye. Ke nan daga Nuwamba zuwa Afrilu an yi zuriya biyar ko shida, kuma buhun da aka ɗaure lafiya lau sai a buɗe a tarar da gari da wari.

Magabata ba su zauna sun zuba ido ba. Rumbu, na kara ne ko na ƙasa, ana ɗora shi bisa duwatsu domin ya yi nesa da danshi da gara, ya kuma wahalar da ɓera. Gero da dawa ana zuba su da damminsu, kuma sukan daɗe a haka. Wake ne mai wuyar sha'ani, shi ya sa ake cakuɗa shi da toka ko yashi mai laushi, wasu su haɗa da barkono, a zuba a tukunya a liƙe bakinta da laka. Dabarar tana aiki, sai dai ta irin shuka ce da abincin gida. Ba wanda zai tara tokar da za ta ishi buhu hamsin.

Cinikin gyaɗa ne ya mayar da matsalar ƙwari ta zama ta hukuma. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙauyukan yammacin Kano ta riƙa kwarara birni tana bin dogo zuwa Ikko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen suka gaza kwashe abin da ake nomawa, dalar gyaɗa ta riƙa kwana har wata kakar ta riske ta. Nan wani ƙwaro mai suna kafra, wanda asalinsa daga yankin Indiya yake, ya sami wurin zama. A 1948 Turawan mulkin mallaka suka kafa wani ayarin binciken ƙwarin da ke ɓata amfanin gona a Afirka ta Yamma, wanda daga baya ya rikiɗa ya zama cibiyar NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Maganin da aka kawo shi ne a lulluɓe dala da tamfol a busa mata iskar guba. Amma binciken nan don kayan da za a kai Ingila aka fara shi. Waken da ke ɗakin manomin Kabo ba ya cikin lissafi.

Abin da ya isa ƙauye daga wannan zamani guba ce, ba tare da ilimin amfani da ita ba. Ƙwayar Phostoxin, wadda aka yi domin ma'aji rufaffe da ƙwararren ma'aikaci, ta koma cikin buhu a ɗakin da mutane ke kwana. Fiya-fiya, wato sinadarin dikilobos, ta zama abin yayyafa wa wake kai tsaye. Sakamakon ya fito fili a Yunin 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya. Ƙa'idarta ita ce kada sinadarin ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, alhali an sami wanda ya kai 4.6. Waken da Turai ta ƙi kuwa bai kai ko ɗigon wanda ake dafawa a gidajen Najeriya ba.

Mafitar da ta fi tasiri ta fito ne daga arewacin Kamaru. Tun ƙarshen shekarun 1980, Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na Marwa suka gwada zuba wake a leda ninki uku a ɗaure tam. A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa dabarar a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da sunan PICS, kuma kamfanin Lela Agro da ke Kano na cikin waɗanda suka fara ƙera buhunan. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar oksijin da numfashinsu, har su daina ci da haihuwa. Wani bincike da Murdock ya buga a 2012 ya nuna ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin da oksijin jikinsu ke samar da ruwa daga abin da suka ci. Jarka da duro na roba masu murfi mai kyau, waɗanda mata da yawa ke ajiye wake a ciki, a kan wannan ƙa'ida suke aiki. Tukunyar da aka liƙe da laka ma haka.

Raunin leda shi ne ƙarfinta duka yana ga rashin huji. Ɓera ba ya cin roba don yunwa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya, kuma ƙanshin hatsin da ya zube kusa da buhu ya isa ya jawo shi. Rami ɗaya ya isa ya mayar da buhun PICS buhu na kawai. Ɓarnar takan faru ne a lokacin da ba a kula ba, wato tsakanin kaka da kaka, sa'ad da aka juye waken aka cusa ledar a lungu da sauran gari a jikinta, ko aka bar jarka a buɗe a bayan ɗaki. Buhun da ya kamata ya yi shekara uku sai ya mutu a ta farko, mai shi bai sani ba sai ya sake cika shi. Akwai kuma wani ƙwaron masara da ya shigo Afirka daga Amurka ta Tsakiya, aka gan shi a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, a Togo kuma a 1984, wanda ke iya huda roba da kansa.

Don haka umarnin da malaman gona ke bayarwa game da buhun zamani ya yi kama da abin da mai ginin rumbu ya sani tun da: a ɗora shi bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a share kewayensa. Idan an juye, a kakkaɓe ledar, a naɗe ta, a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Kafin a sake zuba wake kuma, a cika ta da iska, a riƙe bakin, a danna a saurara ko tana fita.