Zauren haziƙai a makarantun Jezuwit

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san irin yaron nan da yake gama aiki tun sauran ba su yi nisa ba, sannan ya zauna yana kallon taga. Yaya za a yi da shi? Tambayar ta tsufa. Daga cikin waɗanda suka fara ba ta amsa a rubuce akwai limaman Katolika na ƙungiyar Jezuwit, wadda Ignace de Loyola ya kafa, Paparoma ya amince da ita a shekara ta 1540.

Kwalejinsu ta farko ta ƴaƴan jama'ar gari an buɗe ta a Mesina, cikin tsibirin Sisiliya, a 1548. Ta Roma ta biyo baya a 1551. Karatun kyauta ne. Da makarantun suka yawaita sai aka ga lalle a yi musu ƙa'ida guda. An yi gwaji a 1586 da 1591, kana a 1599, zamanin shugabancin Claudio Acquaviva, aka fitar da kundin da ake kira Ratio Studiorum, wato tsarin karatu. Ya raba karatun ƙasa aji biyar: uku na nahawun Latin da Girkanci, ɗaya na adabi, ɗaya na balaga. Ana raba aji rukuni biyu masu gasa da juna, galibi da sunan Roma da Kartaj, kowane ɗalibi da abokin hamayyarsa mai jiran ya yi tuntuɓe ya gyara masa. Malami kuwa yana da rajista inda yake jera yara hawa shida, daga mafi ƙwazo har zuwa wanda ya kamata a sallama. Wanda ya saba da jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe da bikin rabon kyaututtuka a makarantunmu zai ji ƙamshin gida a nan, domin boko na Faransa ya sha daga wannan rijiya kafin ya iso mana.

Abin da ya fi jan hankalina yana can ƙarshen kundin, inda aka yi maganar akademi. Ba makaranta ce dabam ba, ba kuma aji ne dabam ba. Zaure ne na ɗaliban da aka zaɓo saboda basira da riƙon addini, suna haɗuwa a ranakun hutu ƙarƙashin kulawar malami guda. Akwai na masu nahawu, da na masu adabi da balaga, da na masu falsafa da tauhidi. Su da kansu suke zaɓen shugaba da mashawarta biyu da magatakarda ta ƙuri'ar asiri, bayan kowane wata uku ko huɗu. Suna muhawara, suna karanta abin da suka rubuta a gaban juna, wani ma ya hau kujera ya ba da darasi a yi masa tambayoyi. Ladan hazaƙa ke nan a wurinsu: ƙarin aiki. Washegari yaron ya koma benci ɗaya da sauran, ba a raba aji da gishirinsa ba. A ganina wannan ya fi hikima bisa kwashe haziƙai a killace su wuri guda.

Ɗaliban da suka fito daga waɗannan kwalejoji mun san su, tun da muna koyar da littattafansu. Descartes ya yi karatu a La Flèche, Corneille a Ruwan ta Normandi, Voltaire a Louis-le-Grand ta birnin Paris daga 1704 zuwa 1711. Shi Voltaire ya juya alƙalamin da suka fiƙe masa a kan cocin kanta, amma bai daina girmama wasu malamansa ba. An rushe ƙungiyar a Faransa a 1764, Paparoma Clément na 14 ya soke ta baki ɗaya a 1773, lokacin tana da makarantu wajen 800. Sai a 1814 aka maido ta.

Sai dai akwai wani rariya tun a bakin ƙofa. Jezuwit ba su cika koyar da baƙi da wasali ba, suna cewa ba su da isassun malamai. Dole yaro ya zo ya riga ya iya karatu da rubutu. Masanin tarihi François de Dainville, da ya bi rajistocin kwalejojin Faransa, ya nuna cewa ƴaƴan masu sana'ar hannu suna da yawa a cikinsu, to amma ɗan ƙauyen da babu mai koya masa harafi, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, ƙofar kyauta ba ta amfane shi da kome ba. Ba a zaɓi mafi basira a cikin yara duka ba, an zaɓa ne a cikin waɗanda suka iso.

Wannan matsala ta bi su har Amurka. A 1914 aka buɗe makarantar sakandare ta Regis a birnin Niyok, domin yara maza Katolika masu hazaƙa, ba tare da biyan ko sisi ba. A nan makarantar dukanta ce ta zama zauren haziƙai, ana shigarta da jarrabawa mai tsanani. Kuɗin kuwa wata mata ce ta bayar, ta ce kada a faɗi sunanta. Sai a 2009 aka bayyana cewa Julia Grant ce, matar wani tsohon magajin garin. Likita Anthony Fauci yana cikin waɗanda suka gama a 1958. Da tafiya ta yi nisa, masu makarantar suka lura cewa ƴaƴan talakawa da na baƙin haure, waɗanda don su aka gina ta, suna faɗuwa jarrabawar shiga saboda raunin firamaren da suka fito. Shi ya sa a 2002 suka kafa shirin REACH: a ɗauko yaro tun yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya, a yi ta koya masa ranakun Asabar da lokacin babban hutu har shekara uku, kafin ya zauna jarrabawar.