Ƙofar tankin mai ta mota: abin da ke lalata ta da yadda ake gyara ta

Ƙofar tankin mai ita ce ƙaramar ƙofar da ke gefen mota ta baya, wadda ke rufe bakin da ake zuba fetur ko dizal. Ta bambanta da murfin tanki, wato wanda ake murɗawa daga ciki. Murfin ne ke hana mai da tururinsa fita, ita kuwa ƙofar tana kare murfin daga ƙura da ruwan sama da hannun ɓarawo. Ba a cika damuwa da ita ba sai ranar da direba ya kai gaban famfo bayan dogon layi, mai ya kusa ƙarewa, ta ƙi buɗewa. Abin da ya fi jawo asara a irin wannan yanayi shi ne ɓalle ta da ƙarfi kafin a gano inda matsalar take.

Ire-irenta

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai kebul, kamar na tsofaffin Toyota Corolla da Camry da Honda Accord: direba ya ja mariƙi a ƙasan kujerarsa, kebul ya janye sakata, sifirin ya tura ƙofar waje. Na biyu shi ne mai lantarki, wanda ya yawaita a motocin Jamus irin su Volkswagen da Mercedes-Benz, inda wani ƙaramin inji ke tura sakatar ko ya janye ta, galibi tare da makullan ƙofofin mota. Na uku ba shi da kulle, da yatsa ake buɗe shi, sai dai murfin ciki kan zo da makulli.

Gano matsalar

Idan an ja mariƙi aka ji ƙarar sakata amma ƙofar ba ta motsa ba, yawanci sifirin ne ya karye ko ya saki. Idan mariƙin ya zo sakwaf babu nauyi, kebul ya tsinke ko ya zame daga mazauninsa. Idan kuma ya yi tauri, ƙura da tsatsa ne suka riƙe sakatar, abin da ya fi faruwa a lokacin hunturu da kuma bayan damina.

A mota mai lantarki, ana fara tabbatar da cewa an buɗe dukkan ƙofofi, domin wasu motocin kan bar ƙofar tanki a kulle idan ta direba kaɗai aka buɗe. In babu wani motsi bayan haka, sai a duba fis, sannan wayoyi, sannan injin kansa. Ƙofar da ke lilo ko ta karkace kuwa, hinjinta ne ya karye ko ya lanƙwashe.

Buɗewar gaggawa

Idan sifirin ne, mutum ɗaya ya riƙe mariƙin a sama, wani ya zura katin roba a gefen ƙofar ya ɗaga ta a hankali. Sukudireba da wuƙa na kankare fenti, kuma suna lanƙwasa bakin ƙofar. Idan kebul ne ko inji, ana buɗe but, a yaye shimfiɗar da ke ɓangaren tankin, a ja sakatar da hannu daga ciki. Motoci da dama suna da igiya ko zoben gaggawa a wurin, kuma littafin mota na nuna inda yake.

Gyara

Sakatar da ta cije tana buƙatar wanki da man feshi irin su WD-40, sannan a shafa mata ɗan giris. Sifirin ƙaramin ƙarfe ne da ake maƙalawa kusa da hinji, sauya shi aikin 'yan mintoci ne. Kebul ya fi cin lokaci, saboda yana bi ta ƙarƙashin kafet daga kujerar direba zuwa baya, don haka aikin bakanike ne. Injin lantarki da ya mutu sauya shi ake yi, kuma mai gyaran wayar mota ne ya dace da shi.

Hinjin roba da ya karye ba ya daɗewa da gam, gara a sauya ƙofar gaba ɗaya. Ana samun ta hannu a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Ya kamata a tafi da tsohuwar don a gwada, domin samfuri ɗaya kan sauya siffa daga shekara zuwa shekara. Lambar launin fenti a motocin Toyota tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Hatsari

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Saboda haka ba a yin walda ko goge ƙarfe da inji a bakin tanki. Fanal bita ya kwance ƙofar ya yi aikinsa nesa da motar. A kashe inji, a nisanta sigari, a yi aikin a sarari.

Mota na iya tafiya na ɗan lokaci babu ƙofar, matuƙar murfin ciki ya rufu sosai. Toshe bakin tanki da tsumma ko leda kuwa ganganci ne: ƙura na shiga ta toshe matatar mai, ruwa ya gauraya da fetur. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, sakakken murfi kan kunna fitilar gargaɗin inji. Wasu sababbin Ford da Honda ba su da murfin murɗawa, don haka ƙofarsu ba ta jiran jinkiri. Tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, abin da ke cikin tanki ya zama dukiya, kuma kuɗin sakata bai kai na man da take tsarewa ba.