'Yan Agaji da 'Yan Sara-Suka



Iyayenmu da suka zo haƙar kuza suna da hanyarsu ta riƙe yaro: makarantar allo da safe, shagon ubangida da rana. Duk babban da ya gan ka a inda bai dace ba, ya isa ya ja kunnenka, kuma idan ka kai ƙara gida sai a ƙara maka.

A 1978 Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a nan Jos. Tsohon limamin soja ne, don haka ban yi mamakin yadda rundunar agajinta ta samu tsari ba. Fityanul Islam da Jama'atu Nasril Islam su ma suna da nasu. A ba saurayi kaki, a koya masa fareti, a ce ga layin masallata ka tsare, ga mara lafiya ka kai asibiti. Yaron da ke da wannan aiki ba ya samun lokacin zaman majalisa. Tsarin ya bazu har Jamhuriyar Nijar.

Sai rikicin 7 ga Satumba 2001, sai gobarar kasuwar Taminus a 2002. Ubangida ya rasa shago, yaron shago ya koma bakin titi. Bayan rikicin 2008 da na 2010, yaran da muka yi wa kirari da dare saboda sun tsare unguwa, ba wanda ya karɓi makaman hannunsu da gari ya waye. Sara-Suka, da muka fara jin sunanta a Bauchi, ta tarar da fili a share. Gwamnati ta hana kodin a 2018, amma layukan ba su huce ba.

Ƙasar Ayisilan, wadda mutanenta ba su kai na Jos ta Arewa yawa ba, ta yi fama da shaye-shayen yara. Ta hana su yawon dare, ta zuba kuɗi a wasanni, ta ja iyaye a jiki, sannan duk shekara ta ƙirga. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya wuce; a 2016 saura kashi 5.

Mu kaki muke ƙirgawa ranar wa'azin ƙasa. A ganina yaron da ke shiga agaji dama na kirki ne. Wanda ke kwana a kangon Gangare ko Unguwar Rogo, har yau ba a kai masa fom ba.