Dutsen Zuma da Ganuwar Abuja ta Dā

Dutsen Zuma, wanda matafiyi ke hangowa daga Madalla a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, curin dutse ne guda ɗaya tilo da ya tashi kimanin mita 300 bisa ƙasar da ke kewaye da shi, kuma ko da yake mutanen zamani sun fi saninsa a bayan takardar naira ɗari, asalin darajarsa a tarihi ita ce kasancewarsa mafaka. A ƙasashen Turai, a dā, sarakuna kan gina hasumiya a kan tsauni don tsaron ƙauyen da ke ƙasa. A nan kuwa Allah ya hutar da magina, domin dutsen shi ne hasumiyar. A dā Gwarawa da Koro na wannan yanki sukan fake a duwatsu da surƙuƙin daji idan mahaya suka kawo hari, saboda doki, komai ƙarfinsa a fili, ba ya da kataɓus a kan fa.

Sarautar da ta zo ta mallaki wannan ƙasa ma 'yar duwatsu ce tun fil'azal. Riwaya ta nuna cewa sarakunan Zazzau sun zauna a Turunku, sa'an nan a gindin Kufena, inda har yau ake ganin kufan ganuwa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina ta Zazzau a cikin Infaƙul Maisuri. Da jihadi ya iso Zariya, Malam Musa ya ci garin, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, wanda aka ce yana filin idi sa'ad da abin ya auku, ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro, a inuwar Zuma. Mutanen tsohuwar Abuja na lissafa wannan hijira a 1804, masana na baya kuwa sun rinjayar da 1808. Makau ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a bakin kogin Iku a 1828, ya soma kewaye shi da ganuwa, garin ya ɗauki sunansa.

Hikimar zaɓen wurin ta bayyana a zamanin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ake wa kirari da Dodon Gwari, yayin da Sarkin Zazzau Yero ya kawo yaƙi a 1893 ya koma ba nasara; Abuja ba ta taɓa faɗawa hannun Zariya ba, sai Turawa ne suka shige ta a 1902. Daga nan hare-hare suka ƙare, ƙauyukan kan dutse suka riƙa saukowa kusa da gonakinsu, ganuwa ta zaizaye.

Bayan dokar 3 ga Fabrairu 1976, wadda Janar Murtala Muhammed ya kafa sabon babban birni da ita, tsohon garin ya bar wa birnin sunansa, ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Abin mamaki, Zuma da ake kira ƙofar Abuja yana cikin Jihar Neja ne. Mai ziyara kan tsaya a bakin titi, wurin masu sayar da doya, ya ɗaga kai yana neman siffar fuskar mutum da ke jikin dutsen, idanu biyu da hanci da baki, wadda magabata suke shakkar kusantarta.